Su Sun Karance Mu, Mu Yaushe Za Mu Karance Su?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya tsaya mini a wuya tun hutun da ya wuce.

Ina da wani wa, ɗan wan mahaifina, wanda ya gama digirinsa na farko a fannin tarihi, ya yi hidimar ƙasa ya komo gida. Garinmu yana kan hanyar nan da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori ta nufi Malumfashi, kuma duk gidanmu manoma ne. Ran nan da kaka, bayan an gama kwashe masara, muna zaune a zaure da daddare, sai Yaya ya durƙusa ya shaida wa Baffa cewa yana son ya ci gaba da karatu, ya yi digiri na biyu a kan al'adu da zamantakewar mutanen Amurka. Zaure ya yi tsit. Can sai Kawu ya gyara murya ya ce, "To kai yanzu, buhun masara nawa za a sayar don ka je ka koyo yadda Bature ke cin abinci?" Aka fashe da dariya, Yaya ya sunkuyar da kai.

Ban ga laifin Kawu ba. Mutumin da ya san zafin da aka sha kafin buhu ya cika, yana da ikon ya tambayi inda za a kai kuɗinsa. Abin da ya ba ni haushi shi ne da na komo makaranta na kawo zancen a taron ƙungiyarmu, sai na tarar 'yan'uwana ɗalibai sun fi Kawu dariya. Wani ya ce Yaya ya zama ɗan koren Amurka. Wani ya ce biza kurum yake nema. Wani kuma, wanda nake ganin girmansa, ya ce mu da ba mu gama sanin kanmu ba, ina ruwanmu da sanin wasu? To, da ku nake yau, 'yan'uwa, kuma in na taka wani ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da farko dai bari mu san abin da muke wa dariya. Wannan fanni ba koyon rawa da waƙa ba ne. Ɗalibi yakan haɗa tarihin ƙasar da adabinta, da tsarin mulkinta, da dokokinta, da addinanta, da zancen bauta da wariyar launin fata, da yadda suke noma da ciniki, sa'an nan ya zaɓi abu guda ya yi bincike a kansa ya rubuta kundi. Jami'ar Harvard ta buɗe irin wannan karatu tun 1937, masanansa kuma suka kafa ƙungiyarsu a 1951. Watau dai abin da muke yi wa Bahaushe a sashenmu, harshe da adabi da al'ada, shi ake yi wa Ba'amurke a can. Ɗalibin Hausa da ya raina wannan, nasa karatun ya raina bai sani ba.

Sai mu koma kan tambayar Kawu, domin ita ce mai nauyi: me ya haɗa gonarmu da Amurka? Jama'a, ai tambayar da ta dace ita ce, me ya raba su? Ku dubi auduga, wadda ita ta gina Funtuwa. Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa suka yi yaƙin basasa a kan zancen bauta, audugar da bayi ke nomawa a kudancin ƙasar ta yanke, masaƙun Ingila suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Turawan Ingila ba su manta da wannan wuya ba. A 1902 suka kafa kamfanin BCGA a Manchesta don a nemo auduga a ƙasashen da suke mulka, a rage dogara ga Amurka. Shi ne ya kawo injinan gurzar auduga ƙasarmu. Irin da aka raba wa kakanninmu ma, wanda ake kira Allen, irin Amurka ne, an shigo da shi Arewa a 1912. Layin dogon da ya bi ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, da me ya riƙa komawa in ba auduga da gyaɗa ba? Ashe ke nan yaƙin da aka yi a wata duniya, kakanninmu ko labarinsa ba su ji ba, yana cikin abin da ya sa suka kwana suna tsinkar kaɗa.

Ku zo kan masara. Dattawanmu za su gaya muku cewa a da dawa da gero ne abincin ƙasar nan, masara ta bayan gida ce, ta gashi da dafuwa. Yaushe ta mamaye gonaki? Tun daga 1975, sa'ad da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Aka zo da takin zamani, da sabon iri, da malaman gona, da hanyoyin karkara. An amfana, ba mai musu. Amma tun a lokacin akwai masana da suka yi kukan cewa manyan manoma ne suka kwashe romon, ƙananan aka bar su da ƙashi. To, ina aka tsara shirin? A Washington ne hedkwatar bankin take, Amurka ce mai hannun jari mafi tsoka a cikinsa, kuma shugabansa na lokacin, Robert McNamara, shi ne ya riƙe ma'aikatar tsaron Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam kafin ya koma banki a 1968. A 1973 ya tsaya a Nairobi ya ce bankin zai juya akalarsa wajen ƙananan manoma, bayan shekara biyu motocin shirin suka iso Funtuwa. Su sun zo da ma'auni sun auna gonakinmu, sun ƙidaya iyalanmu, sun rubuta rahotanni. Mu wa muka tura ya auno su? Wa ya zauna ya karanto mana irin tunanin mutumin da ya tashi daga lissafin yaƙi ya koma lissafin taki?

Har wa yau, wa ke yanka wa auduga farashi? Manomi a Bakori yana tsammanin ɗan kamasho ne ya cuce shi, alhali kuwa igiyar ta fi haka tsawo. A kasuwar New York ake buga farashin da duniya ke kallo. Majalisar Amurka kuwa tun 1933 take da dokar tallafa wa manomanta, tana sabunta ta lokaci lokaci. A 2002 ƙungiyar Oxfam ta bayyana cewa manoman audugar Amurka wajen 25,000 sun karɓi tallafin da ya kusa dala biliyan 4 a shekara guda. In gwamnati ta cika wa manominta aljihu, sai ya noma fiye da kima, kaya su yi yawa, farashi ya faɗi a ko'ina, har da nan. Ƙasar Birazil, da yake tana da masana da lauyoyin da suka san dokar noman Amurka ciki da bai, ta kai ƙara gaban Hukumar Ciniki ta Duniya a 2002, ta yi nasara, har a 2014 Amurka ta yarda ta biya ta dala miliyan 300 don a rufe maganar. Maƙwabtanmu Binin da Burkina Faso da Mali da Chadi ma sun haɗa kai sun ɗaga murya a 2003. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Yanzu Kawu, tsakani da Allah, in aka samu ɗan Funtuwa guda da zai iya karanta wannan doka ya fassara wa ƙungiyar manoma ita da Hausa, buhu nawa ya yi mana?

Sai wanda ya ce mu fara sanin kanmu. Ɗan'uwa, zo mu shiga ɗakin karatun sashenmu, mu duba kantar da muke ɗaukar littattafai. Wa ya zaunar da Hausa cikin dangin harsunan Chadi a rabon da muke haddacewa don jarrabawa? Joseph Greenberg, Ba'amurke, wanda ya zo ƙasar Kano a 1938 ya zauna da Maguzawa, ya fitar da littafi a kan addininsu a 1946. Wa ya rubuta babban nahawun nan mai shafi fiye da 700 da ya fito a 2000, wanda ba mai rubuta kundi a kan harshe bai taɓa shi ba? Paul Newman, Ba'amurke, wanda ya fara zuwa Nijeriya a 1961 yana saurayi cikin 'yan aikin sa kai, daga baya ya shugabanci cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Kano. Ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na 1990 kuwa na Roxana Ma Newman ne. Ban faɗi wannan don in zage su ba. Sun yi aiki, mun gode, muna kuma mora. Amma na tambaye ku: sa'ad da Greenberg ya ce zai tafi ƙasar Hausa, an yi masa dariya an ce ya zama ɗan koren Maguzawa? An ce ya bari sai ya gama sanin New York tukuna?

Kada kuma ku zaci duk don ƙaunarmu aka yi. A 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, hankalin Amurka ya tashi. A 1958 majalisarta ta yi dokar ilmi wadda kalmar tsaron ƙasa ke cikin sunanta, aka ware kuɗi don jami'o'i su koyar da harsunan duniya, Hausa ta samu shiga. A 1963 makarantar horar da jakadunsu ta buga littafin koyon Hausa. A 1979 Muryar Amurka ta buɗe sashen Hausa. Ƙasa ce da ta gane cewa wanda za ka yi hulɗa da shi, ko ciniki ko gaba, tilas ka san harshensa da abin da ke sa shi dariya da abin da ke sa shi fushi. Abokan hamayyarta ma sun gane haka. Tarayyar Sobiyet ta kafa cibiyar nazarin Amurka a Mosko a 1967, ƙasar Sin ta kafa tata a 1981. Su ma 'yan kore ne? Mu ma ai muna da abin koyi a gida, tun da mun karanta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu.

Ga wani abin da ya kamata ya sa mu ɗaliban Hausa mu yi shiru mu yi tunani. Alhaji Mamman Shata, wanda Funtuwa ke alfahari da zamansa a cikinta, an rubuta kundin digiri na uku a kansa a 1975. A ina? A Jami'ar Indiana ta Amurka, da Ingilishi, da alƙalamin Ɗandatti Abdulƙadir. Watau har Bahaushen da zai yi nazarin Shata sai da ya ƙetare teku, domin a can aka tanadi wurin. Shi kuwa Shata bai jira kowa ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya ɗauki kalangu ya yi wa kumbon Apollo waƙa, ya kawo wa manomi da direba labarin cikin harshensu. Mawaƙin da bai zauna aji ba ya ga cewa abin da Amurka ke yi ya shafi Bahaushe har ya cancanci amshi, mu masu jiran digiri muna cewa ina ruwanmu!

Kafin Shata ma akwai wanda ya riga. Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, haifaffen Zugu a ƙasar Binin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, an kama shi bawa aka kai shi Birazil. Ya kuɓuta a tashar jirgin ruwan New York a 1847, ya shiga makaranta, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Jinin Katsina ne ya ga Amurka ta zamanin bauta da idonsa ya ba da labari. A cikinmu mutum nawa suka taɓa jin sunansa? A can ake karanta shi, a sassan da muke wa dariya. Ashe wani yanki na tarihinmu yana ajiye cikin tarihinsu, wanda bai shiga nasu ba ba zai ɗauko namu ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Shekarar 2025 kaɗai ta isa ta zama darasi. A watan Maris aka dakatar da aikin Muryar Amurka, tsofaffinmu suka murɗa rediyo suka ji shiru, ba wanda ya yi musu bayanin dalili. A watan Yuli aka rufe hukumar USAID, kuma a cikin watan ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara fiye da 600 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida, ta kuma ambaci yanke tallafin ƙasashen waje cikin abubuwan da suka tsananta lamarin. A ƙarshen Oktoba shugaban Amurka ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, ran 25 ga Disamba kuma sojojin Amurka suka kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Mu nan kudancin Katsina mun san abin da 'yan bindiga suka yi mana. Mun san ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a 2020. Mun san masallatan Unguwar Mantau ta Malumfashi da aka kashe suna sallar asuba a watan Agusta na 2025. Mun san kuma cewa a ƙasar Malumfashi da Kafur akwai Hausawa Kirista, maƙwabtanmu, waɗanda bala'in bai ƙyale ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma da aka zo tattauna zancenmu a majalisar Amurka da majami'unta da gidajen talbijin nata, mutum nawa daga cikinmu suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa? Wa ya san yadda kwamitin majalisarsu ke kiran shaida, ko yadda ƙuri'ar masu zuwa majami'a ke juya ɗan siyasa? Aka yi ta yanke hukunci a kanmu muna ta zage-zage a waya, zagin da ko Zariya bai wuce ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba zan ɓoye ba, masu tsoro suna da 'yar gaskiyarsu. Sau da yawa kuɗin irin wannan karatu daga hannun Amurkawa yake fitowa, kamar tallafin Fulbright da aka kafa a 1946, kuma kowa ya ci ladan kuturu an san abin da ke biyo baya. Akwai wanda zai tafi nazari ya komo maroƙi, ba abin da ya iya sai kirari. Akwai wanda ba zai komo ba sam. Amma ku dubi ɗakunan kwananmu. Wa Amurka ta fi kamawa, wanda ya karanta tarihin yadda aka ƙwace ƙasar 'yan asalinta da yadda baƙar fata suka yi gwagwarmayar neman 'yanci, ko kuwa wanda ya kwana yana kallon finafinansu a waya, ya tashi yana kwaikwayon tafiyarsu da askinsu? Al'adar Amurka ta riga ta shigo har ɗakin uwarmu ba da sallama ba. Zaɓin da ya rage mana shi ne mu san ta da ilmi ko mu sha ta da jahilci. Likitan da ke nazarin cuta ba shi ne ya fi kowa kamuwa da ita ba.

Saboda haka ni ina bayan Yaya, amma da sharaɗi, na kuma gaya masa baki da baki. Na ce, Yaya, in ka tafi kada ka ɓata shekara biyu a kan abin da ba zai tsinana wa kowa kome ba a nan. Ka zaɓi abin da ya taɓa gonarmu ko makarantarmu ko zaman lafiyarmu: dokar tallafin noma, ko yadda jami'o'insu na aikin gona suka taso, irin ta Jihar Kansas wadda ta taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1960, ko kuwa yadda addini ke tuƙa siyasarsu. Ka riƙa tambayar wanda ya biya kuɗin kowane littafi da ka karanta. Ka je da idon Bahaushe, yadda Tocqueville ya je da idon Bafaranshe a 1831, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yi wata tara yana zagayawa, ya koma gida ya rubuta wa mutanensa da harshensu littafin da har yau su kansu Amurkawa ke karantawa. Sa'an nan ka komo, ka rubuta da Hausa. In ka rubuta da Ingilishi kaɗai, ka ƙara musu littafi ne a kan dubban da suke da su, mu ka bar mu inda ka same mu.

Ga mu kuma 'yan wannan ƙungiya, aiki na jiranmu. Ni dai na duba ɗakin karatunmu ban ga littafi guda na Hausa da ya ba da tarihin Amurka daga farko zuwa yau ba. Me zai hana mu roƙi malamanmu a bar ɗalibin Hausa ya rubuta kundinsa a kan yadda mawaƙa da marubutan Hausa suka kalli Amurka? Me zai hana wannan mujalla ta ware shafi biyu a kowace fitowa don a bayyana abu guda game da ƙasar, yau majalisarsu, gobe kotunsu, jibi kasuwar hatsinsu? Me zai hana jami'o'inmu na Zariya da Kano da Katsina da Dutsin-ma su ba wannan fanni gurbi na sosai, don kada neman sanin Amurka ya rataya ga samun bizar Amurka? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baffa bai yanke magana ba tukuna. Ya ce a bari sai an sayar da waken suya an ga abin da ya rage bayan kuɗin taki. Ni kuwa na yi alkawari in wannan ta fito zan kai mujallar gida, in zauna a zauren nan in karanta wa Baffa da Kawu ita tun daga farko har ƙarshe. In Kawu ya sake tambayar buhu nawa za a sayar, zan roƙe shi da ladabi ya fara lissafa mini buhunan da muka yi asara tun daga zamanin Allen zuwa yau, saboda ba mu da ko mutum guda da ya san mutanen da ke yanka mana farashi.

Wanda yake da ja, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami. Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalam.